Zoɓo da tafarnuwa za su iya maye gurbin maganin hawan jini?

Maman Hanif, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana a taimaka min da haske. Mahaifinmu shekararsa 63, yana shan amlodipine 10mg kullum da safe, amma awonsa bai cika sauka ƙasa da 150/95 ba. Kwanan nan ƙafafunsa suna kumbura da yamma, ya kafe a kan cewa maganin ne ke cin ƙodarsa, wai zai ajiye ya koma zoɓo da tafarnuwa kamar yadda 'yan majalisarsu suka ba shi shawara. Shin zoɓon yana sauke jini da gaske ko zance ne kawai? In yana yi, nawa ake sha, yaya ake haɗawa, kuma ana iya shan sa tare da na asibiti?

Famasis ɗin Kawo

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya.

Zoɓo yana sauke jini, ba zance ba ne. Sai dai a san iyakarsa. A wani bincike da aka wallafa a 2010, masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun ba mutanen da jininsu ya ɗan hau kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, kowane kofi da giram 1.25 na busasshen zoɓo. Lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan 7, waɗanda aka ba ruwa mai kala kawai kuma tasu ta sauka da 1 da ɗoriya. Amma ki lura, mutanen da aka gwada ba masu shan magani ba ne, kuma jininsu bai kai na Baba ba.

To yanzu mu yi lissafi. Baba yana 150/95 ne alhali yana kan amlodipine 10mg, wanda shi ne ƙarshen abin da ake bayarwa na wannan maganin. In ya ajiye, jinin zai koma inda yake kafin magani, ko ma ya wuce. Ko zoɓo ya cire masa 7 daga can, bai ko dawo inda yake yau ba, balle ya kai ƙasa da 140/90 da ake nema.

Akwai wani abu da ke yaudarar mutane a nan. Amlodipine yana daɗewa a jiki, sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita. Wanda ya daina sha ranar Litinin ya fara zoɓo, in ya auna Laraba ko Alhamis zai ga jini lafiya lau, sai ya ce ai ga aikin zoɓo. Ragowar maganin ne ke riƙe da shi. Bayan mako ɗaya zuwa biyu jinin zai hau, lokacin kuwa ya riga ya daina aunawa saboda ya gamsu. Hawan jini kuma ba lallai ya yi ciwon kai ba, wasu sai shanyewar ɓarin jiki ce sallamarsa ta farko.

Kumburin ƙafa kuwa sananne ne ga amlodipine, musamman a 10mg, kuma ya fi yawa da yamma da lokacin zafi. Maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa fiye da yadda yake buɗe masu dawo da shi, sai ruwa ya tsattsafo ya taru a idon sawu. Wannan ba lalacewar ƙoda ba ce, hawan jinin da aka bari ne ke cin ƙoda. Duk da haka kar a yanke hukunci a gida, don ciwon zuciya da na ƙoda su ma suna kawo kumburi. A kai shi a yi gwajin ƙoda na jini da gwajin fitsari. In sun fito lafiya, abin da likitoci suka saba yi shi ne su rage amlodipine zuwa 5mg su haɗa da losartan ko lisinopril. Kumburin yakan ragu, jinin kuma ya fi sauka.

Malam mai magani, Kasuwar Barci

Na yarda da Famasis, kar Baba ya ajiye magani. Amma bari in ƙara, don mutane suna ɗauka maganin gargajiya shi ne kawai a jiƙa a sha. Wanda ya san aikin, kafin ya ba ka abin da za ka sha sai ya tambaye ka me kake ci. A cire abin da ke hura wutar tukuna.

Na farko kanwa. Sunan da ake kiranta da shi a Turance, potash, yana sa 'yan boko su ɗauka fotasiyam ce, alhali mafi yawanta sodiyam ne, wato abin nan dai da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankinmu da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ki duba kicin ɗinku: kanwa a miyar kuka, a kuɓewa, a ɗanwake, a dafa wake, wani lokaci har a tuwo. Gida da yawa za su rantse ba sa cin gishiri, amma kanwa sau uku a rana. Wasu kuma suna barin kanwa su koma bakar hodar yin kek, an gudu ba a tsira ba, ita ma sodiyam ce. Wake a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba kanwa. Ruwan toka kuma kar a maye da shi in an sa Baba a losartan ko lisinopril, don toka fotasiyam gare ta, waɗannan magungunan kuwa suna riƙe fotasiyam a jiki.

Na biyu gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da yajin tsire da taliyar leda. Dunƙulen magi kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. A rage a hankali cikin mako 2 zuwa 3, harshe zai saba. In aka cire rana ɗaya dattijo zai ƙi abincin ya aika a sayo masa tsire. A ƙara daddawa, albasa, citta, masoro da lemun tsami su rufe gurbin.

Na uku goro, da taba ko ta hanci ce ko ta baki.

Sai zoɓon. A samu ja mai duhu, busasshe ƙarau, wanda ba ya warin rima. Fari na miya ne. A ɗauraye shi sau ɗaya da ruwan sanyi da sauri don yashi, kar a jiƙa, in ba haka ba amfanin ya tafi da ruwan wankin. A auna giram 4 zuwa 5 na yini guda. Wanda ba shi da sikelin kicin ya auna sau ɗaya a wurin mai shi, ya ga iya inda ya kawo a cokalinsa, ya riƙe wannan ma'aunin. A tafasa ruwa kofi 3, a sauke, a zuba a kan zoɓon, a rufe minti 6 zuwa 10, a tace. Kofi ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya yamma, bayan abinci. Kar a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, tsaminsa yana cin ƙarfen. A juye a jug na gilashi ko tangaran. A yi na kullum, don a zafin Kaduna yana saurin lalacewa in ba firij.

Ba sukari, ba filebo. Citta, kanumfari ko na'ana'a sun isa. Kuma kar a sa kanwa don kashe tsami kamar yadda wasu masu sayarwa ke yi, an rushe aikin kenan. Zoɓon gora na bakin titi abin sha ne, ba magani ba.

Tafarnuwa ƙwaya 1 zuwa 2 a rana ta isa. A daka, a bar ta minti 10 kafin a ci ko a sa a miya, don sai an farfasa ta sinadarin ke fitowa. Mai haɗiye ta gaba ɗaya kamar ƙwaya bai samu komai ba sai gyatsa. Aikinta a hawan jini kaɗan ne, kuma tana tayar wa mai olsa da ciwo. Mai shan aspirin ko warfarin, ko wanda za a yi wa tiyata, ya gaya wa likita, don tana rage daskarewar jini. Mai ciki ta bar zoɓo a matsayin magani.

Sista Nas, Unguwar Rimi

Duk abin da aka faɗa ba za a san ya yi aiki ba sai da awo, kuma yawancin awon gida ba daidai ake yin sa ba.

Na'urar damtse ake so, ba ta wuyan hannu ba. In Baba mai jiki ne a nemi babban maɗauri, don ƙarami yana ƙara lamba. Ya yi fitsari tukuna, kar ya ci goro ko ya sha shayi mai ƙarfi minti 30 kafin awo. Ya zauna a kujera minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a naɗe hannun riga ko a cire babbar riga. Ba magana. A auna sau 2, tsakani minti 1, da safe kafin ya sha magani, da kuma dare. A rubuta a littafi da rana da lokaci.

A yi haka kwana 7 kafin a fara zoɓon, a watsar da na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. A gida, 135/85 zuwa sama shi ne hawa, ba 140/90 na asibiti ba. Sannan a fara zoɓo shi kaɗai, a sake irin wannan awon bayan mako 4 zuwa 6. In aka canja magani aka fara zoɓo da tafarnuwa da zogale duk rana ɗaya, ko jinin ya sauka ko ya yi jiri ba wanda zai san wanne ne. A tafi asibiti da littafin, a faɗa wa likita yana shan zoɓo, ba abin ɓoyewa ba ne.

A kula da watan Maris da Afrilu, da lokacin azumi. Zoɓo yana ɗan sa fitsari, in kuma an ba shi hydrochlorothiazide, maganin hawan jini mai sa fitsari, ga gumi, jinin na iya faɗuwa ya ga jiri in ya miƙe, dattijo kuwa faɗuwa a banɗaki ba ƙaramin abu ba ne. In hakan ta fara, zoɓon za a rage, ba maganin ba, har a ga likita.

In awo ya kai 180/120, a sake bayan minti 5. In bai sauka ba a tafi asibiti ranar. In akwai karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ba jiran sake awo, ba ɗura masa tafarnuwa ko zuma a baki, yana iya shaƙewa. A wuce babban asibiti kai tsaye, Barau Dikko ko wanda ya fi kusa.

Maman Hanif, Tudun Wada

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na manta ban faɗa ba, yana shan diclofenac kusan kullum saboda gwiwa, kuma akwai wani haɗi na gora da yake saya wai na sanyi. Su ma suna da matsala?

Famasis ɗin Kawo

Hajiya ai wannan ne ya kamata ki fara faɗa. Diclofenac, ibuprofen, piroxicam da danginsu suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna hawar da jini, su ma suna kumbura ƙafa. Yana yiwuwa rabin matsalar Baba daga nan take. Kuma in likita ya ƙara masa losartan da maganin fitsari alhali yana ci gaba da diclofenac a ɓoye, haɗuwar ukun tana iya tsayar da ƙoda cikin kwanaki, musamman ga mai shekaru a lokacin zafi. Lallai likita ya ji wannan kafin ya rubuta komai. Kafin nan paracetamol ya fi sauƙi, giram 1 a lokaci guda, kar ya wuce giram 3 a yini, da na shafawa a gwiwar, da gashi da ruwan ɗumi.

Gorar nan kuma a ajiye ta. Haɗin da ba a rubuta abin da ke ciki ba, ba a san me ake sha ba. An sha samun irin waɗannan haɗe-haɗe na ciwon gaɓoɓi da an niƙa maganin ciwo ko dexamethasone a ciki, shi ya sa mutum ke jin garau cikin awa biyu, abin da saiwa ba ta cika yi ba. Dexamethasone yana hawar da jini da suga, alamarsa kumburin fuska, ƙiba a ciki da wuya, cin abinci ba ƙoshi. In Baba ya daɗe yana sha kuma akwai waɗannan alamun, kar a yanke masa rana ɗaya, a tafi da gorar wurin likita, don irin wannan maganin a hankali ake janye shi. A duba kuma ko haɗin yana da saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus sus, ita ma tana hawar da jini tana zubar da fotasiyam.

Ko da gorar tana da lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe, ma'anarta an duba ba a ga cutarwa ba a gwajin farko, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba; ki karanta jikin kwalin, ana rubuta hakan da ƙananan haruffa. Ranar zuwa asibiti ki zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na kemis da na gora da na ƙulli, ki ajiye a gaban likita tare da littafin awon.