Masu koyon harshen Latbiya: yaya kuka gane "ciki" da "shiga"?

Sabon ɗalibi a Riga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina koyon harshen nan a Riga, babban birnin Latbiya, amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ba su sa "a" ko "cikin" gaban suna, wasalin ƙarshe kawai suke ja. Māja gida ne, mājā kuma a cikin gida. Waɗanda suka riga ni, yaya kuka yi kunnenku ya saba?

Ɗalibar likitanci: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma na sha fama. Dalili shi ne nauyin murya a gaɓar farko yake faɗawa, sai ƙarshen kalma ya yi laushi har ya kuɓuce maka. Fara da sunayen da ke ƙarewa da s, don canjinsu a fili yake: veikals kanti, veikalā a kanti, mežs daji, mežā a daji. Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta riƙa maimaita mini Rīga da Rīgā kullum da yamma. Rannan sai na lura mu ma muna da irinsa, sai dai a juye. Ka saurari bakinka: a "gida ne" muna jan wasalin, a "yana gida" muna taƙaita shi. Bokonmu ne ba ya nunawa, su kuwa suna ɗora ɗan layi a kai. Tun daga ranar kunnena ya buɗe.

Mai aiki a sito: Ni ƙofofi ne suka koya mini. Ieeja mashiga, izeja mafita. Sau da yawa in ka ga an ƙara ie- a gaban aikatau, to ciki aka nufa: iet tafiya, ieiet shiga; nākt zuwa, ienākt shigowa. Kamar shiga da shigo ɗinmu. A wurin aiki kullum sai na ji ielikt, wato saka kaya a ciki. Abin lura, sunan da ke biye da shi ma jan wasalin nan yake ɗauka: ieiet istabā, shiga ɗaki. In ka ce uz skolu, makaranta ka nufa kawai. Skolā ne ke nuna kana cikinta.

Uwar yara biyu: Kalmar da na fi ƙauna ita ce iekšā. Wata rana cikin tsananin sanyi na tsaya bakin ƙofar maƙwabciyata, ta ce "Nāc iekšā!", wato shigo ciki. Ga babba ko baƙo kuwa nāciet iekšā ake cewa, kada ka manta wannan.

Ɗalibar likitanci: Lokaci ma haka yake: ziemā da hunturu, vasarā da bazara.

Sabon ɗalibi a Riga: Na gode, Yaya, na gode muku duka. Yau da na je kanti zan kasa kunne in ji veikalā.