Bincikena ya tsaya a ɗakin gwaji, ana ce mini in shiga gasa: ku da kuka shiga, me kuka tarar?

Ɗalibin digiri na uku, daga Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina aiki a kan gurɓataccen ruwan da majemun fata na Challawa da Sharaɗa ke zubarwa. Duk wanda ya san jima ta zamani ya san da sinadarin kuromiyom ake yin ta, kuma ragowarsa na bin magudana ya gangara kogi, wanda da shi ake ban-ruwan kayan lambun da muke ci. Ni ɓuntun shinkafa nake ƙonawa ya zama gawayi, in sarrafa shi ya riƙa tsotse sinadarin. A kwalba abin yana aiki: ruwa ya shiga shuɗi-shuɗi, ya fito garau. Yanzu abokai sun dame ni, wai in shiga gasar ƙirƙira in samu jari in buɗe kamfani. Ni kuwa ban taɓa sayar da ko allura ba, kuma ba na son aikin nan ya ƙare a kundi mai baƙar bango yana shan ƙura a kanta. Wanda ya taɓa shiga irin wannan gasa, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Injiniyar kayan noma, daga Hotoro:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na shiga, na kuma ci, a 2023. Na'urar busar da tumatir da hasken rana na ƙera, don na gaji da ganin yadda ake shanya kauɗa a ƙasa a Kura da Kadawa, ƙura da kashin awaki duk a ciki. Ranar da aka kira sunana har kuka na yi. Amma kafin kuɗin su shigo hannuna an saki naira a watan Yunin shekarar, dalar da na yi lissafi da ita a kan naira 460 da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024. Fanka da batir da na'urar auna zafi duk daga waje suke zuwa. Kuɗin na'ura goma sai ya tashi a uku.

Ba wannan ne ya fi ba ni wahala ba. Na kai ta farko wurin wani dattijo mai kauɗa, ya zagaya ta, ya buɗe ƙofar, ya ƙirga farantan ciki, sai ya ce, "'Yata, kwando nawa take ci?" Na ce biyu. Ya nuna mini filin shanyarsa da haɓa, kwando ya fi hamsin a baje. Bai ƙara cewa komai ba. Shekara uku na yi ina auna danshi da launi, ban taɓa tambayar mai abin kwando nawa yake yankawa a rana ba. Sai da na koma na zauna da wani mai walda a Ƙofar Ruwa, muka cire duk abin da za a iya cirewa, muka faɗaɗa ta. Yanzu ƙungiyoyin mata ne ke saye, su da ke ƙulla kauɗa mai tsabta a leda su kai shaguna. Manomin da na yi domin shi har yau bai saya ba.

Ka shiga gasar. Amma ka je majema tukuna.

Malamin jami'a, shekara 26 a aji:

Ɗana, tambaya ɗaya: ka riga ka wallafa yadda kake sarrafa gawayin a mujalla? In ka wallafa dalla-dalla kafin ka nemi takardar mallakar ƙirƙira, ka rufe wa kanka ƙofa, domin doka tana so abin ya zama sabo a ranar da aka shigar da takarda. Ni haka na yi asarar nawa. Ƙarin girma nake nema, maƙala ake ƙirgawa, na yi gaggawar bugawa. Daga baya na ga irin abin a kasuwa, ba ni da bakin magana.

Na biyu, abin na wane ne? Dokarmu ta 1970 ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. In kai ma'aikacin jami'a ne, ko da kayanta da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, aka yi binciken, to jami'a tana da magana, malamin da ya duba aikinka ma yana da ita. Ku zauna yanzu da babu ko sisi a tsakani, ku rubuta kason kowa. Na ga ɗalibi da malaminsa sun daina gaisawa saboda kyautar da ba ta kai kuɗin mota ba, kuma abin ya yi mini ciwo, don dukansu mutanen kirki ne. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardar mallaka, kuma ta buɗe ofisoshi a jami'o'i da dama. Takardar tana kare ka shekara 20.

Wanda ya yi karatu a Faransa, yanzu yana Nasarawa:

Abin da Malam ya faɗa shi ne na ga an warware a can. Tun 1999 suka yi dokar da ta ba mai bincike na gwamnati dama ya kafa kamfani da sakamakon aikinsa ba tare da ya yi asarar kujerarsa ba, kuma a shekarar aka fara gasar da yanzu ake kira i-Lab, inda tallafi kan kai Yuro 600,000. A 2019 suka ƙara i-PhD, ta masu digiri na uku zalla. Wani abokin ɗakin gwajinmu ya samu wannan. Abin da ya ba ni mamaki, ba kuɗi ne gaba a cikinta ba. Shekara guda aka haɗa shi da wanda ya taɓa kafa kamfani, yana tura shi wurin masu saye, yana koya masa lissafin farashi. Kuma ba a karɓarka sai ɗakin gwajinka da ofishin da ke fitar da bincike kasuwa sun tsaya maka. Amurka ma tun 1980 ta ba jami'o'i ikon mallakar abin da aka gano da kuɗin gwamnati.

Da na dawo gida na shiga gasa biyu. Duka biyun minti biyar aka ba ni, aka jera ni da masu manhajar waya. Mai manhaja zai nuna dubban masu amfani cikin wata shida. Ni da ke aikin batir ina bukatar shekara biyu kafin samfurin farko ya tsaya da ƙafarsa. Alƙalan ba su yi mini rashin adalci ba, ma'aunin ne ba na irin aikinmu ba. Don haka ka zaɓi gasar da ta san ƙarfe da sinadari. Africa Prize ta Royal Academy of Engineering ta Ingila tana horar da waɗanda ta zaɓa na tsawon watanni kafin a fitar da gwani. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da dala 5,000 da horo, zai ishe ka rajistar kamfani a CAC da ganga ta farko, ba zai gina masana'anta ba. Gasar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000 kuwa tana fitar da maudu'inta ne duk shekara, sai ka duba ko ya faɗo kan naka.

Injiniyar Hotoro ta ƙara:

A daɗa da dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022. Ana neman shaidar zama irin wannan kamfani a hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, kuma akwai rangwamen haraji a ciki. Sannan ga cibiyar renon fasaha ta tarayya a Farm Centre, ka leƙa ka tambayi wurin aiki. Ni da na sani da wuri, da ban biya hayar shago shekara guda ba.

Mai majema a Sharaɗa:

Ni ban yi boko mai zurfi ba, yarona ne ya karanta mini wannan zance, na ce ya rubuta amsata. Dakta, masu bincike sun sha zuwa wurina. Su ɗebi ruwa a jarka, su yi godiya, shi ke nan ba na sake ganinsu. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mini ga abin da ya gani.

Ga abin da nake so in sani. Ruwan da nake zubarwa a rana tankoki ne, buhu nawa na gawayinka zai ci? In ya ƙoshi da guba, ina zan kai shi? In bola zan zubar, to daga kogi na mayar da ita tudu. Injinka yana shan wuta? Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar layin Band A naira 225 a kan kowane yunit, duk abin da ke da waya a jikinsa tsoronsa nake ji. Amma kuromiyom ɗin nan da dala nake sayensa. In za ka iya ƙwato mini shi daga gawayin in mayar cikin ganga in sake jima, ba sai wata gasa ta ba ka kuɗi ba, ni zan biya ka, maƙwabtana ma za su biya. Ka zo ka kafa gangarka a bayan masana'anta, wurin kyauta ne.

Malamin jami'a ya sake cewa:

Alhaji ya tuna mini da marigayi Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha a Dutse. Tukunya ya sa cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Kafin kamfanin agogo na Rolex su ba shi kyautar dala 75,000 a 2000, ya riga ya sa maginan tukwane sun yi dubbai da kuɗin aljihunsa, ya raba a ƙauyuka. Kyautar ta tarar da abin yana tafiya, ta ƙara masa nisa.

Ɗalibin Ɗorayi:

Allah ya saka muku da alheri. Malam, maƙala ɗaya na buga, sakamako ne kawai a ciki, yadda nake sarrafa ɓuntun bai fita ba, kuma ta biyun da ke hannuna na dakatar da ita. Gobe zan sami malamina da maganar rubuta kaso. Ranka ya daɗe Alhaji, tambayarka ta gawayin da ya ƙoshi ta hana ni barci jiya. Na taɓa wanke shi da ruwan asid sau ɗaya, kuromiyom ɗin ya fito, amma ban auna ko zai sake jima ba, don ba ya cikin abin da kundina ya tambaya. Ranar Asabar bayan azahar zan zo da ganga mai lita 200 da buhu biyu na gawayi. Ina roƙon a ajiye mini fata biyu da za mu gwada a kansu.