Gardama a gurup ɗin fada: a tambayi mawaƙi zancen aure ko a tsaya ga waƙa?

Ɗan Bilbis: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau sai na faɗi abin da ke cina. Hirarrakin ga da ake yi da mawaƙa da 'yan fim gulma ce kawai anka aza ma kujera da kamara. Ka ƙone forfenka ka zauna kallo, tun farko har ƙarshe yaushe za ki aure, mi ya raba ki da mijinki, wa kike so. Ba mai tambaya ta yaya waƙar ta zo, wa ya yi kiɗin, nawa anka kashe a sutudiyo. Ɗan jarida ba shi da hurumi cikin gidan mutum, iyaka tai sana'a, shi ke nan.

Mai Kabu-kabu: To kai wa ya aike ka kallo har ƙarshe 😂

Ɗan Bilbis: Ina jiran a zo ga zancen aiki ne, ba a zo ba.

Malamin Lise: Wa alaikumus salam. Ƙanena rabin zancenka gaskiya ne, rabin kuma ban yarda ba. Ɗauki Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa, can wajen Cintabaraden da Abalak ya tashi. Mi duniya ta sani bisa kainai? Gidansu ba su son kiɗa, don haka da kainai ya haɗa gita ta farko da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinai, daga nan sunka riƙa yawo salula zuwa salula ta bulutut da kart memwar har sunka ƙetare hamada. Duk ta bakin hira anka san wannan. To ƙin da gidansu sunka yi, zancen gida ne ko na sana'a? In ka hana a taɓa gida ka yanke labarin gitar ke nan.

Ɗan Bilbis: Malam wannan daban. Wannan tarihi ne. Ni tambayar saki da kishiya nike nufi.

Malamin Lise: To ka ga har ka fara ja da baya, da cewa ka yi iyaka tai sana'a.

Hajiya ta Wadata: Ku bari in sa baki tunda ku duka maza ne ba ku lura da abu guda ba. In namiji ya zo hira sai a ce mai yallaɓai ya ka fara, wa ya koya maka, ina ka dosa. In mace ce ko zama ba ta gyara ba an jefo mata zancen aure, kuma in ta yi dariya ta kauce a sake dawo da ita ta wata hanya har sai idonta ya kawo ruwa, sannan kamara ta matso kusa kusa. Gobe a yanko wurin kukan kaɗai, daƙiƙa talatin, a watsa a TikTok da Facebook, abin da ta faɗi na wahalar aiki da dare da rana wurin ɗaukar fim duk a zubar. Uwarta na gani, ƙannenta na lakwal ana nuna musu. Ni ban ce kar a taɓa rayuwar mutum ba, amma a auna ma kowa da tiya guda.

Mai Kabu-kabu: Hajiya ai su ma suna so. Wadda ba ta so mi ya kai ta? Kuma mu ne masu kallo, a sa hira bisa kiɗa zalla ku gani ko mutum nawa za su buɗe.

Hajiya ta Wadata: Ɗana zuwa hira ba sa hannu ba ne a tuɓe ka a kasuwa. Tana da sabon aiki tana son a sani, ina za ta in ba can ba?

Ɗalibi a Kano: Ina wuni iyayena. Ni fa ina ganin an haɗa kowa an yi musu kuɗin goro. Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa ai suna tambayar inda aka haifi mutum, karatunsa, yadda ya shiga harkar, har abincin da ya fi so, kuma ban ga wanda ya tashi a fusace ba. Matsalar ba tambayar ba ce, naci ne. Idan mutum ya ce a bar wannan, a bar shi. Sannan masu yanka bidiyon yawanci ba su suka yi hirar ba, wasu shafuka ne ke kwasa su sa taken ƙarya don a danna.

Malamin Lise: Ni abin da ya fi damuna ma wani ne. Muna nan Tawa, gasar kiɗa da waƙa ta Ɗan Gurmu tun 1987 ake yinta da sunan makaɗin garin ga, cikinmu wa ke iya ba da tarihinai na minti biyar ba tare da ya kama inda-inda ba? Ku dubi Malam Maman Barka, Allah jiƙan shi, ya rasu 2018. Malamin lakwal ne kamata, mai gurumi, ya tashi takanas ya tafi bakin tafkin Cadi wurin tsoho Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan nan na ƙabilar Buduma mai tsirkiya biyar mai siffar jirgin ruwa, lokacin masu iya shi sun kusa ƙarewa. Irin wannan mutum zama ake da shi a tambaye shi komi, yarintarshi, tafiyar, zaman da ya yi da tsohon, mi iyalinai sunka ce da ya bar su. Duk rayuwa ce, kuma ita nike so a ɗauka a ajiye kafin masu ita su tafi.

Ɗan Bilbis: Amin. Amma Malam har yanzu misalanka duka maza ne, kuma ba wanda anka tambaya don mi ya saki matatai.

Hajiya ta Wadata: Yauwa! Allah shi maka albarka, yanzu ka zo wurina.

Malamin Lise: To ku kawo ta mace mu gani. Fati Nijar daga Maraɗi ta fito ta yi suna a Kano, tambayar ya ta bar gida ta shiga wata ƙasa tana mace ai ba gulma ba ce.

Hajiya ta Wadata: Ba gulma ba ce in an tsaya nan. Ba a tsayawa ne.

Mai Kabu-kabu: Ni tambaya guda nike so a riƙa yi musu wadda ban cika ji ba, kuɗi. Waƙa na tashi a rediyo, a biki, a salular kowa, ofishin BNDA na nan Yamai don kare haƙƙin masu fasaha, to mawaƙin nawa ke shiga aljihunai? Wannan ma ai sirri ne, Ɗan Bilbis a yi ta ko kar a yi?

Ɗan Bilbis: A yi ta mana, wannan aiki ne.

Mai Kabu-kabu: Aljihun mutum halas, ɗakinai haram ke nan 😂

Ɗan Bilbis: Eh haka nike gani kuma ban canza ba.

Ɗalibi a Kano: Malam don Allah in akwai wata tsohuwar hirar Maman Barka a wurinka ka turo, ko ta rediyo ce.

Malamin Lise: Bari kuran ya dawo in caza salula in duba. Hajiya ke kuma ba mu gama ba.