Mantuwar Inna: ko hawan jini da suga ne suka jawo?

Maman Nana, Birni:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta kusa shekara 70. Tun tana wajen 50 aka ce tana da hawan jini, daga baya suga ya biyo. Magani kuwa sai kanta ya fara sarawa take sha, da ya lafa ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Daga bara zuwa bana ta canza mana. Ta sallame la'asar yanzu, an jima ta tambaya ko an kira salla. Ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta ce jikanta ya ɗauke, har yaro ya sha faɗa a banza. Rannan ta fita zuwa gidan ƙanwarta bayan fadar Sarki, hanyar da take bi tun tana budurwa, sai ɗan kabu-kabu ne ya maido ta. Dangi sun rabu, wasu na cewa gigin tsufa, wasu na cewa hannu aka sa mata. Shin ciwukan nan biyu suna taɓa ƙwaƙwalwa? Ni ma shekarata 44, an auna jinina an samu 15 da 9, wato 150/90, shi ya sa hankalina ya tashi.

Majo daga wajen Mirya:
Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Inna lafiya. Ƙwarai suna taɓawa. Ƙwaƙwalwa da ƙananan jijiyoyin jini take rayuwa, wasu sun fi gashi siranta. Jini in ya daɗe yana hawa, jikinsu sai ya yi kauri, hanyar ta ƙuntace, suga kuma ya ƙara lalata su. Wata ta toshe nan, wata can, wurin da take ciyarwa ya mutu, mutum bai faɗi ba, bakinsa bai karkace ba, ba wanda ya sani. Bayan cutar Alzaima, wannan ce ta biyu wajen kawo mantuwa, kuma sau da yawa tare ake samun su a mutum guda.

Abin da ke ba ni takaici, hawan jinin shekarun 40 zuwa 60 shi ya fi ɓarna, lokacin da mutum ke jin shi garau. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 masu ƙara haɗarin cutar mantuwa a 2024, ya ce kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar suna da nasaba da su. Hawan jini, suga, ƙiba, taba, kitsen jini da rashin motsa jiki duk suna ciki, har da raunin ji da na gani.

Ku kai ta babbar likita a auna ta. Suga in ya faɗi ƙasa sosai shi ma yana rikita tsoho, maganin suga na metformin kuma in an daɗe ana sha yana rage bitamin B12, ƙarancinsa na kawo mantuwar da ake iya gyarawa. Ke kuma 15 da 9 ɗin nan, ki sake aunawa a ranaku daban-daban kafin a yanke.

Ɗan Zango:
Haka Baba ya yi bayan shanyewar ɓarin jiki. Nashi hawa-hawa ne: ya tsaya wata da watanni lafiya lau, dare ɗaya ya ƙara sauka. Mu dai mun karɓe maganin daga hannunsa, ƙanwata ke ba shi bayan asuba. Kuma kar ku yi gardama da Inna kan kuɗin, ku ce mu nema tare.

Malam na Garin Malam:
Majo, kakanninmu fa ba su san ma'aunin jini ba, sun tsufa da hankalinsu.

Majo daga wajen Mirya:
Malam, wasu sun ruɗe, an dai ce tsufa ne. Amma maganarka da ƙamshin gaskiya. Daga 1992 an bi tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙar fatar Indiyanafolis ta Amurka, aka tarar masu kamuwa da cutar mantuwa a Amurka sun ninka na Ibadan fiye da sau biyu, kuma na Ibadan ba su kai su hawan jini da suga ba. Kakanninmu suna tafiya gona da ƙafa. Mu kuwa magi uku a tukunya guda, shayi ya sha sukari har zagaye na uku, zuwa kasuwar Dole ma sai babur.

Maman Nana, Birni:
Na gode, Allah Ya saka. Yayanmu ya yarda ranar Litinin mu kai ta. In haɗa da ƙwayoyin ƙarƙashin katifar ne, ko takardun kawai sun isa?

Majo daga wajen Mirya:
Ki kwaso su duka a leda, har da na gargajiyar da take sha.