Kwalejin shekara biyu a Amurka: rangwame ce ko ɓata lokaci?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Khalifa ya gama sakandare, wai shi jami'a yake so kai tsaye. Na ce masa kwalejin shekara biyu ta nan Bronx a birnin New York za shi. A ganina duk direban tasi irina da ya kai ɗansa jami'a tun shekarar farko, kuɗinsa ya zubar. A ƙananan kwalejojin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, dala 4,800 mazaunin birni ke biya a shekara, in tallafin Pell da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi ya shigo kuma wani ko sisi ba ya cirowa. Darussan shekara biyun farko ai kusan ɗaya ne ko'ina.

Alhaji Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Kada ka yi wa yaron nan abin da aka yi mana a gida. Mu da muka yi foliteknik mun san yadda mai HND ke zama a bayan mai digiri har ya yi ritaya.

Maman Nana: Alhaji, da girmanka, nan ba haka take ba. Wanda ya yi shekara biyu ya koma jami'a ya ƙarasa, sunan jami'ar ne a takardarsa, ba mai tambayar inda ya faro. Ni ma a irin kwalejin na yi karatun jinya, na zauna jarrabawar NCLEX ta samun lasisin jinya tare da masu digiri, lasisinmu iri ɗaya. Da safe ina aikin kula da tsofaffi, da yamma ina aji. Wace jami'a ce za ta ɗauke ni da 'ya'ya uku da Turancin da nake da shi a lokacin?

Malam Habibu: Hajiya, ke kin ƙarasa, Allah ya ƙara albarka. Amma mu duba waɗanda suka maƙale. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu shiga kwalejin shekara biyu suna cewa digiri suke nufi, waɗanda ke samunsa cikin shekara shida ba su kai kashi 20 ba. Ga kuma asarar darussa: a 2017 ofishin binciken gwamnati na GAO ya kiyasta cewa ɗalibin da ya canza makaranta yana rasa kusan kashi 43 cikin ɗari na darussan da ya riga ya ci. Ka biya sau ɗaya, ka sake biya. Araha ba ta ado ke nan.

Baban Khalifa: To laifin kwaleji ne ko na yaran?

Malam Habibu: Yawancinsu aiki ne ke cinye su. Yaro ya fara samun 'yan daloli a shago, ya rage darussa, shekara biyu ta koma huɗu, daga nan shiru.

Maman Nana: Shi ya sa CUNY ta kawo shirin ASAP na taimaka wa ɗalibai su gama da wuri tun 2007. Sharaɗinsa karatu na cikakken lokaci, su kuma su ba ka kuɗin jirgin ƙasa da littattafai da mai ba ka shawara. Kuma CUNY gida ɗaya ce, daga kwalejin Hostos ko ta Bronx zuwa Lehman mai ba da digiri darussa sun fi saurin wucewa, in dai tun farko yaro ya san abin da zai karanta.

Kawu Isa: Ina sauraro daga Kano. Ɗan ƙanwata na iya zuwa a wannan farashin?

Malam Habibu: A'a Kawu. Mai bizar karatu kuɗin baƙo yake biya, ba shi da Pell, aikin da aka yarje masa kuma awa 20 ne a mako a cikin makaranta.

Alhaji Ɗanlami: Ni dai ban sauka ba. Yaro mai ƙoƙari, jami'a kan ba shi tallafin da zai sa ta fi kwalejin sauƙi. Ka bari ya nema tukuna, ka ga takardun.

Baban Khalifa: Zai nema, Alhaji. Maman Nana, in kin tashi aiki ki kira uwarsa, don ita ma jami'ar take goyon baya.