Muhawara kan tintin mota: baƙar leda ko seramik mai haske?

Alhaji Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Bazara ta kawo jiki, masu mota sai tambayar tinti suke yi. Ni matsayata ba ɓoyayya ba ce: maganar seramik ɗin nan talla ce. Duhu ke tare rana. A manna baƙar leda mai lamba 5 ko 15 a kuɗi kaɗan, a samu sanyin da mai seramik ya biya ninkin-baninki a kansa. Mai hujja ya kawo.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Alhaji. Lambar nan da ake faɗa, 5, 15, 35, 70, ita ce VLT, wato kashi nawa cikin ɗari na hasken da ido ke gani yake ratsa ledar. Ma'aunin duhu ne, ba na zafi ba. Ƙarfin rana da ke dukan mota kashi uku ne: wajen kashi 44 hasken da muke gani, wajen 53 infrared wanda ido ba ya gani amma fata tana jin sa, ragowar kashi 3 kuma UV, wani hasken da ido ba ya gani mai lahani ga fata. Leda mai rini tana shanye wanda ake gani, infrared kuwa yawancinsa wucewa yake yi. Shi ya sa mota za ta yi duhu ɗulum amma hannun direba yana ƙuna. Ita seramik ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, irin su titanium nitride ko cesium tungsten oxide, aka zuba a jikin ledar don su kama infrared ɗin ba tare da an baƙanta gilashi ba.

Alhaji Nasiru: To Injiniya, da bakinka ka ce kashi 44 na cikin hasken da ake gani. Ashe duhun ma aiki yake yi ke nan.

Malam Sabi'u riwaya: A nan Alhaji yana da gaskiya, kuma masu sayar da seramik ba sa son a faɗa. A yi lissafi. Leda mai lamba 70 tana barin kashi 70 na wannan 44 ɗin ya shiga, wajen kashi 31 na ƙarfin rana ke nan. Ko da a ce ta tare infrared duka, ba za ta kai kashi 70 na jimillar zafin ba. Kuma ba ta tare shi duka. To ina maganar "tana hana zafi kashi 99" da ake rubutawa a allon shago?

Injiniya Bashir: Na yarda da lissafin. Lambar da za a tambaya ita ce TSER, jimillar ƙarfin rana da gilashi da leda suka hana shiga. Lambar infrared da ake tallatawa yawanci a ɗan siririn zango ake auna ta. Misali kamfanin 3M sun rubuta har kashi 97 a kan ledarsu mai suna Crystalline, amma sun bayyana cewa awon tsakanin nanomita (ma'aunin zangon haske) 900 zuwa 1000 ne, alhali infrared na rana daga 780 yake tashi har 2500. Ita wannan leda a lamba 70, TSER ɗinta wajen 50 ne. Crystalline ma ba ƙwayoyin seramik ba ce, shimfiɗa ce siririya sama da 200 a jere, amma a kasuwa layi ɗaya ake sa su. Abin lura shi ne wannan: baƙar leda mai rini lamba 5 da kyar take haura kashi 40 da wani abu. Ledar da kusan ba a ganin ta a jikin gilashi ta kai ta, ta ɗan wuce. Idan kuma aka gwada su a duhu ɗaya, 35 da 35 ko 20 da 20, tazarar ta fi haka fitowa.

Alhaji Nasiru: Kashi 40 da wani abu da kashi 50. Wannan ne bambancin da za a ninka wa mutum kuɗi?

Oga Habu mai tinti: Alhaji, a ranar farko ke nan. Rini rana ce ke cin sa. A irin ranar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, leda mai arha takan koma shunayya, duhunta ya ragu, gam ɗin ya saki, gilashin baya ya yi bororo har madubin tsakiya ya daina amfani. Tun da duhun ne kaɗai aikinta, yana koɗewa tare zafin ma ya tafi. Seramik da kabon, wato leda mai ƙwayoyin sinadarin kabon maimakon rini, ba sa canja launi haka. Sannan cire tsohuwar leda kuɗi ne daban, a gilashin baya kuma har da haɗarin tsinke siraran layukan wayar wuta da ke jikinsa.

Amma ni damuwata ba ita ba ce. Jabu ne ya yi yawa. Kwali a rubuce seramik, ciki rini ne da ɗan sinadari. Gwajin da ake yi wa mai mota na kunna jan kwan fitila a sa hannu bayan leda ba hujja ba ce, don wannan kwan kusan infrared zalla yake fitarwa, rana kuwa ba haka take ba. Ƙaramar mitar hannu ta auna leda ita ma a nanomita 940 ko 1400 kawai take karantawa, ana iya haɗa ledar da za ta yi kyau a daidai nan ta gaza a sauran. Abin da za a yi: a nemi sunan kamfani da sunan samfur, ba "orijina ce" kawai ba. LLumar suna da CTX da IRX, XPEL suna da Prime XR da XR Plus, SunTek suna da CIR, 3M suna da Ceramic IR. A duba kwalin naɗin da lambarsa, a buɗe shafin kamfanin a waya a karanta TSER na wannan lambar duhun. A karɓi guntu a manna a ɓallen gilashi, a fita rana tsaka a gwada shi kusa da guntun mai rini. A rubuta sunan samfur da VLT a rasit. Wanda ya ƙi nuna kwali, a bar masa kayansa.

Malam Sabi'u riwaya: Ƙarin abu ɗaya da ake ɓoye wa mutane. Seramik shanye zafi take yi, ba mayar da shi waje ba. Gilashin sai ya ɗau zafi. Idan mota na tafiya, iska tana kwashe shi ta waje, shi ya sa ake jin daɗinta a hanya, esi kuma ya samu sauƙi. Idan aka ajiye ta a rana awa biyu ko uku, gilashin zai dinga sako zafin nan ciki, mota ta gasu ko da tsadar leda. Jinkirta zafin take yi. Mai ajiye mota a fili ya sa abin tare rana mai ƙyalli a gilashin gaba, ya nemi inuwa, ya fi masa ƙarin kuɗin leda.

Wadda take mayar da zafi waje ita ce mai ƙarfe, mai ƙyalli kamar madubi. Tana aiki sosai, sai dai tana iya rage sabis na waya da GPS, ta dami rediyo a motocin da eriyarsu ke jikin gilashin baya, wani lokaci har rimot na buɗe ƙofa. Mai tiraka, na'urar bin sawun mota, ya guje ta.

Hajiya Rabi: Malamai, duk kuna maganar rana, babu wanda ya taɓo dare. Gilashin ƙofar gaba ba fari fat yake fitowa daga kamfani ba, yawanci kashi 70 zuwa 80 na haske yake bari. Duhun leda da na gilashi haɗuwa suke yi. Leda 35 a kan gilashi mai 75 ta koma 26. Leda 15 ta koma 11. Leda 5 ba ta kai 4 ba. Da wannan direba zai duba madubin gefe, ya fito daga kwana a unguwar da babu fitilar titi, ga mai babur da bai kunna wuta ba, ga yaro yana tsallakawa. Shi ya sa ake ganin masu baƙin gilashi suna sauke shi kafin su yi ribas. A Ingila doka ta ce gilashin gaba ya bar aƙalla kashi 75, ƙofofin gaba kashi 70, saboda wannan dalilin. Amfanin seramik a wurina shi ne a samu sauƙin zafi a gaba ba tare da an makantar da direba ba. Baƙar leda ba za ta iya wannan ba ko kyauta aka ba da ita.

Alhaji Nasiru: Hajiya wannan magana ce. Amma mutane da yawa ba don zafi suke sawa ba. Sutura ce ga iyali, da kuma kada ɓarawo ya leƙa ya ga jaka.

Hajiya Rabi: To a raba aikin, Alhaji. Sutura a baya, gani a gaba.

Barista Aisha: Kafin a kai ga zaɓen lamba, a san doka. A Najeriya akwai dokar hana gilashi mai duhu ta 1991. Ta hana a rina ko a duhunta gilashin mota ta yadda ba a ganin mutane ko kayan da ke ciki sosai, sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma dalilin lafiya ko na tsaro ne ta amince da su. A 2025 rundunar 'yan sanda ta dawo da bayar da famit ɗin tinti ta shafinta na intanet mai suna POSSAP, ƙungiyar lauyoyi ta NBA kuma ta kai maganar kotu, ranar fara kamu ta yi ta canjawa. Don haka a duba sanarwar da ke aiki a ranar da za a manna. Ma'aunin dokar gani ne, ba sunan leda ba. Cewa "seramik ce" ba ya kare kowa a shingen bincike idan ba a ganin cikin motar. Mai tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram ya tambayi ƙa'idar can daban, famit ɗin nan ba ya bin sa.

Injiniya Bashir: Na gode Barista. Wannan ya kawo mu gilashin gaba, wanda duk ya fi shigo da zafi saboda girmansa da kwanciyarsa, ga dashbod baƙi a ƙarƙashi yana tara shi. Motar da aka baƙanta ƙofofi huɗu aka bar gaba, babbar ƙofar zafi aka bari a buɗe. A nan babu gasa, don ba a sa rini a gaba. Seramik 70 ko 80 ce kawai. Batun UV kuma kada a ja kowa da shi: gilashin gaba mai shimfiɗa biyu da roba a tsakiya ya riga ya tare kusan duka, kuma ledar kirki ko ta rini ce tana tare kashi 99 a ƙofofi.

Malam Sabi'u riwaya: Ni a gilashin gaba ina da ja. Seramik mai arha tana yin hazo idan rana ta yi ƙasa, da hantsi ko bayan la'asar, sai ka ga fari-fari a gabanka. Ƙara wannan a kan ƙurar hunturu. Na biyu, ruwan mannawa. Yana gangarowa bayan dashbod, inda kwamfutocin mota da soket suke, kwana biyu mota ta fara kunna fitilun gargaɗi. Sai an cusa tawul ko igiyar tsotse ruwa a gindin gilashi, a yanke leda ta kewaye kyamara da na'urar jin ruwan sama da ke bayan madubi. Wanda ba zai sayi mai kyau ba, kuma bai samu gwani ba, gara ya bar gaban yadda yake.

Oga Habu mai tinti: Haka ne. Rabin ingancin tinti a hannu yake. A rufaffen wuri ake yi, a yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe fanka. A gindin bishiya da hunturu, kowane ƙwayar ƙura fari zai fito a ƙarƙashin leda, kuma ba ya ɓacewa. Ruwan mannawa lita ɗaya na ruwa mai tsabta da ɗigo biyar zuwa goma na sabulun wankan jarirai. Omo ko ruwa mai laka suna lalata gam. A sauke gilashi kaɗan a wanke bakin sama, a wanke cikin robar ƙofa don nan datti ke ɓuya. Ta waje ake auna leda a yanka da reza mara tsatsa, ta ciki ake mannawa. Gilashin baya mai lanƙwasa ta waje ake gasa ledar da na'urar hura zafi har ta kwanta, a sa ta falle ɗaya, ba gunduwa biyu ko uku ba. Seramik ta fi rini taurin kai wajen gashi, hannu ya tsaya wuri ɗaya sai ta ƙone ko ta karye. Ƙasan ledar ƙofa ya shige ƙarƙashin roba, in ba haka ba rana ɗaya za ta naɗe.

Bayan aiki kada a sauke gilashi kwana 3 zuwa 5. Ɗan hazo da ƙananan kumfar ruwa za su bushe cikin sati 2 zuwa 4, da bazara ya fi sauri. Kada a tsokane su da allura. A goge da tsumma mai laushi, ban da ruwan goge gilashi mai ammoniya.

Alhaji Nasiru: To na sauka daga cewa talla ce zalla. A gaba na ba ku. Amma a baya ina nan kan bakana. Jip irin su Highlander da Prado da baƙin gilashinsu suke zuwa daga kamfani. Mene ne na ƙara kuɗi a kai? Ƙaramar mota kuma kabon 20 ta wadatar.

Injiniya Bashir: Kabon a baya zaɓi ne mai hankali, ba ta koɗewa kamar rini, ba ta taɓa sabis, zafin da take tarewa tsaka-tsaki ne. Baƙin gilashin kamfani kuwa launi ne a cikin gilashin kansa, wajen 15 zuwa 25, don sutura aka yi shi. Idan yara ke zama a baya kullum, seramik 70 a kansa za ta rage ƙunar da ke dukan fata. Sai dai kada a sa mai duhu: 20 a kan 20 ya koma 4.

Malam Sabi'u riwaya: Ni da Alhaji nake a wannan. Idan kuɗin bai isa duka ba, a sa seramik ta gaske a ƙofofin gaba biyu, ragowar a wanke kwandensar esi, a canja matatar iskar esi, a auna gas. Esin da ba ya sanyi babu ledar da za ta gyara shi.

Oga Habu mai tinti: Sai dai a lura da launi idan za a haɗa iri biyu. Wata seramik tana ɗaukar shuɗi ko kore, kabon kuma baƙi ne mai toka, a rana bambancin yana fitowa tsakanin ƙofar gaba da ta baya. A jera guntayen a jikin motar a duba kafin a yanka. Motar Kwatano da ta zo da tsohuwar leda kuma a cire ta tukuna, ba a manna sabuwa a kan tsohuwa. A gilashin baya da tururi ake ɗaga ta a hankali, a wanke ragowar gam da soso mai laushi a bi tsawon layukan waya. Reza ta taɓa layi ɗaya, shi ke nan ya daina aiki, a wasu motocin har da rediyo.