Me ke cinye mana katin wuta? Kowa ya faɗi abin da ya gani a gidansa

Abban Yara, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki, ta ƙara wa 'yan Band A kuɗin wuta a Afrilun 2024, yunit ɗaya ya haura naira 200, ni da mita muka zama 'yan hararar juna. Layinmu na cikin 'yan Band A ɗin, wato waɗanda aka ce za a riƙa ba su awa 20 a rana, kuma dubu goma yanzu ba ta kawo yunit 50. Na bi yara da faɗan kashe fitila har sun fara guduna, amma kati bai fasa ƙarewa kamar ana zuƙarsa ba. Wanda ya gwada wani abu ya ga amfaninsa, don Allah ya taimaka.

Mai wayarin, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ƙyale yaran nan, ba su ne ɓarayin ba. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa guda. Ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci yunit ɗaya, hitar ruwa mai wat 1500 kuwa minti 40 ya ishe ta. Duk abin da aikinsa ɗumama wani abu ne, hita, dutsen guga, murhun lantarki, butar shayi, nan kuɗinka ke tafiya. Sai dai in har yanzu kana da tsohon ƙwan nan mai wat 100 da ke ƙona hannu, shi kam cire shi yau.

Ga gwajin da nake yi in an kira ni gida. Akwai wata 'yar jar fitila a jikin mita da ke ƙiftawa. A kashe komai, a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, kai kana tsaye kana kallonta. Da fanka sai ta ƙifta ta huta. Aka jona dutsen guga kuwa, za ka ga tana yi kamar idon da ƙura ta faɗa.

Maman 'Yan Biyu, Kawo:
Gaskiyarka Malam, amma kar maza su ɗauki maganar nan su juyo kanmu. A sanyin Janairu, yara biyar za su tafi makaranta ƙarfe bakwai, da ruwan me zan yi musu wanka? Abin da na koma yi, jarkoki biyu baƙaƙe na saya, ina cika su in ajiye a tsakar gida tun hantsi. Zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumi, sai na mayar da babban wankan yamma, da safe a wanke fuska da ƙafa da ɗan abin da na ɗora a gawayi. Ruwan shayi sau ɗaya nake tafasawa in juye a fulas. Guga ranar Lahadi kawai, a tara a yi gaba ɗaya. Maigidan ne ma ya fi ba ni wahala, sai ya sa a jona dutse don hula ɗaya.

Tela, Rigasa:
Ku da kuke da wutar ke nan. Mu matsalarmu daban ce, ɗaki bakwai, mita ɗaya. Kowa dubu biyu yake bayarwa, kati ya ƙare a zo ana kallon kekena, alhali na taka ne, ba ya shan wuta. Ashe wani gwauro ne ke dafa wake a murhun lantarki da dare, ya tura shi ƙarƙashin gado da safe. Ƙamshi ya tona shi. Daga baya mai gida ya sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita, rigima ta mutu, gwauro ya sayi gas.

Hajiya Babba, Malali:
Ku duba robar ƙofar firij. Saka takarda ka rufe, in ta zare ba gardama to sanyi na fita, injin kuma ba zai huta ba. Na canja tawa, na janye shi daga jikin bango, na hana saka tukunya da zafinta. Ruwan sha kuwa na dawo da randa, jikoki suna ta dariya, yanzu su ke layi a gabanta.

Ɗan Sabon Tasha:
Ni sola na haɗa, ƙarama, fitila da fanka da caji. Farantin ba ya ba da matsala, batir ne ke cin mutum in ya mutu.

Abban Yara, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai. Malam mai wayarin, na yi gwajinka jiya bayan isha'i. Samo ne, injin da ke jan ruwa zuwa tanki. Almajirin gidan yana kunna shi ya tafi wasa, tanki ya cika ya yi ta zuba bayan gida, har ayaba ta tsiro a wurin ban lura ba. Nawa ake sa abin nan da ke kashe shi da kansa in tanki ya cika?